Jakar Da Ake Ɗinka Wa Gwamnati

"Ni dai ki cire mu, 'yata. Ba faɗa, ba ɓacin rai. Ki ja layi a kan sunanmu kawai."

"Baba, ai ko zama ban yi ba tukuna."

"To zauna. Sai ki cire mu a zaune."

Ta kawar da guntayen fatar da ke kan kujerar ta zauna, jakarta a kan cinya. Ofishin mai kamfanin ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka yanka da katako a kusurwar wurin aiki. Ta gilashin gabansa ana hango dukawa sun duƙufa a kan kekunan ɗinki, wani na yanka, wani na shafa gam, ƙamshin sabuwar fata ya cika ko'ina har yana kama maƙogwaro. Dattijon ya tura tabarau saman goshi ya zuba mata ido, irin kallon mutumin da ya riga ya gama shawara da zuciyarsa, ladabi kawai ya rage.

Ita ma'aikaciyar ofishin ƙididdiga ce, a sashen da ke tattara farashin kayan da ake sayarwa ƙasashen waje. Masu kamfanoni ba su damu da sunanta ba, Malamar Farashi suke ce mata. Aikin a baki mai sauƙi ne: kowane wata kamfani ya cike fom ya faɗi yadda ya sayar da kayansa a waje, ofis ya haɗa, a ga ko kayan ƙasa na ƙara daraja a idon duniya ko suna faɗuwa. Ɓangaren kayan fata aka ba ta, kuma shi ne abu na farko da aka taɓa danƙa mata a ce nata ne. Tana son sa irin son da ake yi wa ɗakin farko da mutum ya kama da guminsa, ko da rufin na yoyo.

Rufin kuwa yana yoyo. Kamfanoni uku suka rage mata masu amsawa, doka kuma ta hana a buga alƙaluman ɓangaren da bai kai uku ba, don kada wani ya gane farashin abokin gasarsa. Idan Baba ya fita, ɓangaren ya rufe ke nan. Da safen nan Darakta ya kira ta ya miƙa mata ambulan. "Ko ki dawo da amincewarsa, ko ki bar masa wannan." Wasiƙar tara ce, wadda ake ba kamfanin da ya ƙi amsa wa gwamnati. Tana cikin jakarta yanzu, tana jin nauyinta kamar ta ɗauko dutse.

"Baba, me muka yi?" ta tambaya a hankali.

Ya jawo durowa ya shiga fito da takardu yana jerawa a kan tebur.

"Wannan na kwastan ne. Wannan na masu haraji. Wannan na ma'aikatar ciniki. Wannan mai kaurin kuma, da za a iya tokare ƙofa da shi, naku ne. Kowa yana so ya ji nauyin kwali, kowa yana so ya ji ƙasar da ya tafi da jirgin da ya ɗauke shi. Kwalin nan fa guda ɗaya ne, 'yata. Ku gidanku ɗaya, ba kwa gaisawa ne?"

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne. "Muna gaisawa, Baba. Takarda ce ba ma ba juna."

"To ni ne ɗan aikenku. Ban da albashi."

Ta gyara zama. Ta zo da maganar da ta shirya tun a mota, kuma ba daɗin baki ba ne, har zuciyarta take nufi. Ta ce masa a duk ɓangaren babu kamfani irin nasa. Wasu sai an bi su da waya, wasu su rubuta abin da ya zo bakin biro. Amma shi, jakarsa mai maratayi ɗaya, mai ruwan ƙasa, ba ta taɓa tsallake wata ba tun kafin ita ta kama aiki. A kwamfutarta farashin jakar layi ne mai tafiya a natse, yana hawa kaɗan-kaɗan, babu tsalle, babu rami. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, wannan layin take nuna masa ta ce ga yadda amsa ta gaskiya take. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, a ranakun da aiki ya ishe ta, takan buɗe layin ta tsaya tana kallo kawai, kamar saƙon wani mai alkawari da bai taɓa makara ba.

Dattijon ya saurare ta har ta kai aya. Sai ya yi wani murmushi da babu daɗi a cikinsa, ya dafa tebur ya miƙe.

"Taso ki ga layin naki."

Suka ratsa tsakanin kekuna, ma'aikata na gaishe su ba tare da sun ɗaga ƙafa daga feda ba. A kan tebura jakunkunan kwamfuta ne baƙaƙe masu zif, da bel-bel, da ƙananan jakunkunan waya masu launi iri-iri. Ta waiga dama da hagu tana neman mai ruwan ƙasa, ba ta ga ko ɗaya ba. Sai can ƙarshen ɗakin, bayan tarin kwalaye, inda taga ke zubo haske. Wata dattijuwa ce zaune a kan kujera mai matashi, ta matse fata tsakanin gwiwoyinta, tana huda ta da basilla tana jan zare da hannu. Yatsunta biyu naɗe da filasta, gaɓoɓin sun kumbura.

"Uwargida, ga Malamar Farashi."

Matar ta ɗago, ta dube ta ta saman tabarau daga sama har ƙasa. "Au, ke ce mai jakar? Ashe yarinya ce. Ni ina ta zaton wata ƙatuwa ce mai kujera mai juyawa."

"Ina wuni, Mama."

"Lafiya lau. Matso ki ga kayanki, saura maratayi."

Malamar Farashi ta durƙusa. Ita ce. Faɗinta, launinta, ɗinkin hannun da ke bin gefenta, duk kamar yadda aka siffanta a fom. Tun da ta kama aiki ta san jakar nan a rubuce, yau ce ranar farko da ta taɓa ta, sai ta ji wani abu mai kama da kunyar haɗuwa da wanda aka daɗe ana yabo daga nesa.

"Ba na ganin irinta a gaba," ta ce. "Sauran an riga an tura ne?"

Miji da mata suka dubi juna.

"Gaya mata," in ji matar. "Kai ka ɗauro."

Ya jingina da kwalaye ya gaya mata. Ƙa'idar ofishinsu ce, ita ma ta san ta: farashin da za a ba da dole ya zama na abu iri ɗaya kowane wata, don kada a gwada tsadar wannan da arahar wancan. Idan kaya ya canza ko da zare ne, sai an cike shafukan canji, a faɗi abin da aka sauya da dalili da abin da ya ƙara a kuɗin yi. Su kuwa masu sayensu a waje ba sa yin oda biyu iri ɗaya. Yau a ƙara aljihu, gobe a rage maratayi, jibi a ce zif ɗin ya zama na tagulla. Duk ranar hutunsa a kan shafukan canji take ƙarewa. Da ya koka, jami'in da ya riƙe ɓangaren kafin ita ya ba shi shawara da kyakkyawar niyya: ya zaɓi abu ɗaya da ba ya canzawa ya riƙa ba da farashinsa. Abin da ba ya canzawa a kamfanin nan kuwa jaka ɗaya ce, ta farkon da suka fara fitarwa.

"Da ita ya yi min daɗin baki muna da ƙuruciya," matar ta katse shi, tana jan zare. "Wai jakar nan za ta kai mu ƙasashen duniya. Ita ta je, ni ina nan."

"Ai na ce ki shirya mu tafi, kika ce sanyi."

"Ka ce in shirya a shekarar da ka san ba ka da kuɗin jirgi."

Ya yi kamar bai ji ba, amma gefen bakinsa ya motsa. Ya ci gaba. Sannu a hankali kasuwa ta juya wa jakar baya, yayi ya wuce ta, oda ta ƙafe. Ya zauna da fom a gabansa. In ya sauya kaya, shafukan canji su dawo masa. In ya rubuta farashin abin da bai sayar ba, wannan kuma ƙarya ce, shi kuwa bai iya sa hannu a ƙarƙashin ƙarya ba. Sai ya samo hanya ta uku: kowane wata a ɗinka 'yan kaɗan, a cusa a kwalin wani tsohon abokin ciniki da ke karɓa don zumunci, a rubuta masa rasit na gaske. An sayar, an fitar, farashi ya samu.

"Me ya sa yara ba za su ɗinka a keke ba?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Fom ya ce ɗinkin hannu," in ji matar. "Keke canji ne. Yaran nan kuma ba wanda ya koyi wannan ɗinkin, wa zai koyi abin da ba a saye? Jakar gwamnati suke ce mata. In sun ga na jawo kujera bakin taga sai su ce wata ya ƙare."

"Likita ya ce hannun nan ya huta," mijin ya ce. Wasan ya fita daga muryarsa. "Ya faɗa, ya sake faɗa. Jiya na ga ta kasa buɗe murfin kwalba, ta juya baya don kada in gani. To na gani. Wannan da ke hannunta ita ce ta ƙarshe. Ku ci ni tara in kun ga dama."

Matar ba ta ɗago ba, amma basillar ta tsaya. Malamar Farashi ta ga yadda ya miƙa hannu ya gyara mata matashin baya ba tare da ya duba ba, hannun ya san wurin da kansa, sai idonta ya yi zafi. Ta karanta labaran soyayya da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa cin karo da wanda aka rubuta da zare a gefen jakar da ba mai so ba.

"Baba, me ya hana ku gaya mana?"

"A ina? Akwai gurbin launi, akwai gurbin nauyi, akwai na tashar jirgi. Ban ga gurbin mun gaji ba."

Bayan zafin ido sai wani abu ya biyo, mai sanyi, wanda ya fi ciwo. Layin da take taƙama da shi ba kasuwa yake aunawa ba. Kirkin wani tsoho ne a wata ƙasa, da taurin kan wani tsoho a nan, da yatsun wannan matar. Kayan da ke cika kwantena da gaske, masu zif da bel-bel, ba su taɓa shiga lissafinta ba. Ba wanda ya yi ƙarya, amma abin da take bugawa ba gaskiya ba ne.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwarta. "Wanne kuka fi sayarwa yanzu?"

"Jakar kwamfuta. Sai bel."

"In da farashin waɗannan biyun kawai za a tambaye ku, ku turo ta waya? In an canza wani abu ku ɗauki hoto ku turo, ni in kira in yi tambayoyina, in yi lissafin canjin da kaina. Nauyi da jirgi da ƙasa kuma mu karɓa wurin kwastan, tunda kun riga kun ba su."

"Da sai kin gaji da ni." Ya girgiza kai. "Amma 'yata, ke ce mai ofishin?"

"Ba ni ba ce."

"To kin gani."

"Ku ba ni zuwa ƙarshen wata kafin ku rufe ƙofa. Mama kuma ki ajiye basillar nan."

"In bar ta ba maratayi? Ai ko gwamnati ba ta cancanci haka ba." Matar ta ci gaba da ɗinkinta.

Ambulan ɗin bai fito daga jaka ba. A motar haya, matse tsakanin taga da wata mata mai kwandon kaya, ta yi ta juya maganar da za ta yi. Tana tsoron Darakta, ba don yana da faɗa ba, sai don bai cika kuskure ba. Shi ya tsara fom ɗin nan da hannunsa tun yana matashi, lokacin da babu komai, kuma duk tambayar da ke ciki akwai ranar da rashinta ya taɓa jawo matsala.

Ta same shi yana shan shayi, fanka na kaɗa gefen takardun da ya danne da kofi. Ta ajiye ambulan a kan tebur, ta ba shi labari tun daga farko. Bai katse ta ba. Da ta zo kan yatsun matar, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Jami'in da ya ba shi shawarar, ni na koya masa aiki," ya ce. "To. Abin da ya wuce ya wuce. Ga mafita, Malama: ki ce su daina ɗinkin. Mu kuma mu ci gaba da ɗora farashin ƙarshe na jakar na 'yan watanni, kamar yadda ake yi in kaya ya yanke na ɗan lokaci. Layi bai karye ba, ɓangarenki ya fito, kowa ya huta."

Ta ji daɗin maganar ya ratsa ta kamar ruwan sanyi, har ta kusa cewa to. Babu wanda zai sani.

"Ranka ya daɗe, wannan na kayan da zai dawo ne. Jakar nan ba za ta dawo ba. Ta daɗe da mutuwa, mu ne muka hana a binne ta."

"Kin san abin da kike nema kuwa? In kika cire ta kika sa sabbin kaya, sai sun yi watanni kafin su ba da abin gwadawa. Rahoton da ke tafe zai fito da gurbi a ɓangaren fata, kuma sunanki ne a ƙasa. Kwamitin kula da ma'aikata zai tambaya. Takardar tabbatar da ke a aiki tana gabansu a wannan zaman."

"Na sani."

"Kwastan kuma, kina tsammani ban gwada ba? Na rubuta, na je da ƙafata. Suka ce sai an yi yarjejeniya, mai sa hannu ya yi tafiya. Da ya dawo aka canza shi."

"Wa ke kujerar yanzu?"

"Wata ce. Ban san ta ba."

"To ba ta taɓa ce mana a'a ba ke nan."

Ya dube ta, kamar zai yi dariya, ya fasa. "In kika rage wa wannan tambayoyi, sauran biyun za su ce su ma."

"Su ma zan rage musu, ranka ya daɗe. Ina so ma in je in ga abin da suke ɗinka mana a bayan kwalaye. Mun yi ta ƙirga waɗanda suka daina amsawa muna cewa taurin kai ne. Wataƙila su ne waɗanda ba su da matar da za ta zauna bakin taga."

Ta tuna mahaifiyarta da ke gaya wa duk wanda ya shigo gida cewa 'yarta ta kusa zama cikakkiyar ma'aikaciya. Ta ji tsoron ya zo ya tsaya kusa da ita, bai tafi ba, amma bai kuma rufe mata baki ba.

Darakta ya mai da tabarau, ya jawo kofinsa. "Ɓangaren naki ne, dokar aiki ta ba ki damar gwada sabon tsari a cikinsa. Ban hana ki ba, ban kuma sa ki ba. In ya yi kyau, na ofis ne. In ya ɓaci, ke za ki tsaya gaban kwamiti. Ki je ki kwana a kai."

Ta kai bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi. A waje ana jin ƙarar madannan kwamfuta da muryar wani yana roƙon wani kamfani a waya. Ta saki mariƙin ta juyo.

"Ba sai na kwana ba, ranka ya daɗe. Yau zan cire jakar, rahoto ya fito da gurbinsa, ni zan rubuta dalili in sa hannu. Fom ɗin fata na wata mai zuwa shafi ɗaya ne. Gobe da safe kuma in an neme ni, ina kan bencin kwastan, ba zan tashi ba sai matar nan ta gan ni."